Wanda Ya Cire Wa Dawaki Takalma

Duk wanda ya tashi a Kurrabin ya san labarin dawakin. Tun yaro yana aji ɗaya ake ba shi: yadda samarin garin suka tafi yaƙin duniya na farko bisa dawakin gidajensu, suka keta hamada da su tun daga Masar har Dimashƙu, da aka gama yaƙi gwamnati ta ce ba dokin da zai dawo Ostareliya don gudun cuta, masu amalanke za a sayar wa. Sai kowane saurayi ya hau nasa, ya kai shi bayan tudun yashi, ya shayar da shi ruwa a cikin hularsa, ya harbe shi da hannunsa don kada ya wulaƙanta. In aka zo nan, mata sukan fara laluben hankici.

Hedley Prowse kaɗai ya rage cikin waɗanda suka je. A shekarar 1975 yana da tamanin ba ɗaya, ƙugunsa ya riƙe saboda sunkuyon da ya sha a ƙarƙashin dawaki. Maƙeri ne, sa wa doki takalmi shi ne aikinsa a soja, shi ne kuma aikinsa da ya dawo, har motoci suka kashe sana'ar. Tun dawowarsa yake cewa ba haka aka yi ba. Ya faɗa a mashaya, ya faɗa a gidan biki, ya faɗa wa limamin coci. Ba wanda ya taɓa yi masa musu, abin da ya fi ƙona masa rai ke nan. Sai dai a dafa masa kafaɗa a ce Hedley akwai zurfin ciki, har yau ba ya iya maganar goɗiyarsa, a sake cika masa kofi. Amininsa kuwa, Stumpy Doolan, Allah ya ba shi baki. In ya miƙe ranar Anzac, ranar tunawa da sojojin ƙasar, yana ba da labarin dokinsa akawal da tudun yashi, mashaya takan yi tsit har ya zauna. Da Stumpy ya mutu labarin ya zama gado, ɗansa Des ya ɗauka.

Des ne shugaban ƙungiyar tsofaffin sojojin garin, shi ne kuma mai sayar da taraktoci. Ya yi nasa yaƙin, na biyu, a dazukan Niugini, ya dawo da zazzaɓin da ke tasar masa kowace shekara, amma ba a taɓa jin ya buɗe baki a kan wannan ba. Yaƙin ubansa yake bayarwa. Shi ya tsaya kai da fata sai an kafa mutum-mutumi a tsakiyar gari: soja na tagulla, goshinsa bisa goshin doki, bindiga a hannu, a ƙasa kuma allon dutse da sunayen samarin.

Ana cikin shirin nan sai malamar tarihi ta sakandare, Glenys Rutter, ta jefa dutse a tafki. Baƙuwa ce, shekararta biyu a garin. Ta yi hutun zango a Canberra, babban birnin ƙasar, tana karanta takardun rundunar sojan doki da na likitocin dabbobi, ta dawo ta rubuta a jaridar garin cewa ba ta sami shaidar labarin ba. Abin da takardu suka nuna, in ji ta, shi ne an ware dawakin bisa shekaru da lafiya, masu ƙarfi an miƙa su ga sojan dokin Indiya, tsofaffi kuma likitoci sun sa an kashe su cikin tsari, ba tare da wahala ba. Mai jarida ya ɗora mata babban baƙi a kai: Malama Ta Ce Ƙarya Ne.

Kafin mako ya zagayo mahauci ya daina ganinta a layi sai ya sallami kowa. Iyaye suka fara zuwa wurin hedimasta. Wata safiya ta buɗe ƙofa ta tarar an juye mata buhun kashin doki a kan matakala. Ta kwashe shi ta zuba wa tumatirinta, ta tafi aiki.

Des ya kira taron gari a babban zaure ranar Asabar da la'asar, ya ce malamar ta zo da takardunta, su kuma za su zo da wanda ya gani da idonsa. Ana jibi taron ya zo gidan Hedley da kwalaben giya masu sanyi, ya same shi a baranda, 'yarsa Beryl tana ɓare masa lemo. Beryl ce ke riƙe da tsohon tun rasuwar uwarta, mijinta kuma makaniki ne a garejin Des.

Des ya daɗe yana zagaye-zagaye, ya yi maganar fari, ya yi maganar farashin ulu, sannan ya ce ba wani abu ake so ba, Kawu Hedley ya miƙe kawai ya ce yana wurin, sauran su za su ji da shi.

"Ina wurin kam," in ji Hedley. "Amma ka san abin da zan faɗa, Des. Tun kana yawo ba wando nake faɗarsa."

Des ya yi dariya, ya ce ai ya san Kawu da kawaici. Ya dafa masa kafaɗa ya tafi.

Hedley ya bi motar da kallo har ta sha kwana. Beryl ta ajiye wuƙar ta ce ita dai tana roƙonsa ya ce ƙugunsa ya tashi, ya zauna a gida. A garin nan za su ci gaba da zama, mijinta a hannun Des yake cin abinci, malamar kuwa gobe ana iya yi mata canjin wurin aiki ta bar su da jama'a. Ta ce mutanen nan sun mutu, labarin ba ya cutar da kowa.

"Ya cuci yarinyar can," ya ce. "Ni ma ya cuce ni, ba ku lura ba ne. Shekara hamsin ina magana ana cika mini kofi."

Ya juya kai, ita ma ta san in ya yi haka magana ta ƙare. Ranar Asabar ta goge masa kwat ɗinsa, ta tambaye shi ko zai saka lambobin yabonsa. Ya ce a saka duka, yau suna da amfani.

Zauren ya cika har bakin ƙofa, fankoki suna juya iska mai zafi, matan ƙungiya sun jera shayi da kek a bayan kujeru. Malama Rutter ta fara. Ta karanta abin da ta kwafo, ta ce ba ta zo cin mutuncin kowa ba, amma abin da za a sassaƙa a dutse ya kamata a tabbatar da shi tukuna. Wani daga baya ya tambaye ta ko ta taɓa hawa doki a rayuwarta, wani ya amsa masa cewa ko na katako ba ta hau ba, aka kwashe da dariya. Wata tsohuwa ta miƙe ta ce mijinta ya mutu da labarin nan a bakinsa, yanzu yarinyar da aka haifa jiya za ta zo ta ce masa maƙaryaci. Aka tafa mata.

Sai Des ya ce takarda ba ta da ido, ga mai ido nan, ya kira Kawu Hedley. Jama'a suka miƙe tsaye suna tafi. Hedley ya ƙi hawa dandamali. Ya tsaya a gaban kujerarsa, ya dogara da sanda, ya jira har tafin ya mutu don kansa.

Ya fara da cewa dawakin ma ba na gidajensu ba ne. Mutum biyu ko uku ne suka tafi da nasu, su ma soja ta saye su ta zuba cikin garke. Shi kansa doki uku ya hau a yaƙin. Na farko ƙishirwa ta kashe shi, na biyu jirgin sama ya sako musu bom. Ta ƙarshe goɗiya ce mai suna Biddy, mai cizo kamar kare, bai cika shekara da ita ba aka gama yaƙi. Da likitoci suka zo suna buɗe wa dawaki baki suna duba haƙora, Biddy ta fita cikin masu ƙarfi. Wani Ba'indiye mai gemu ya karɓi ragamarta, ya hura mata iska a hanci, ta bi shi salun-alun, ita da ba ta taɓa bin Hedley ba sai da zagi. Rabonsa da ita ke nan.

Aka ɗan yi dariya, irin ta mutanen da ke jiran a iso wurin da suka sani. Hedley ya ci gaba.

Ya ce tsofaffin dawaki da masu rauni, su aka kawo wa maƙera. Ƙarfe yana da daraja, ba a binne shi, saboda haka aikinsa shi ne cire musu takalma. Dokin da ya shekara uku yana ɗaga masa ƙafa, in ya taɓa shi a gwiwa sai ya ɗaga da kansa, yana zaton sabon takalmi za a sa masa. Daga hannunsa sai a wuce da su wurin masu almakashi, a yanke geza da wutsiya a cusa a buhu, don gashin ma ana so. Sannan a ja su a jere zuwa bayan sansani, ƙasar wurin duk tsakuwa ce, suna taka ta a hankali saboda kofato ba takalmi. Can akwai mutanen da aka zaɓa da bindigogin hannu, da likita a tsaye. Bayan su kuma masu fiɗa, da buhunan gishiri na fatu.

Hedley ya juya wajen malamar.

"Malama, kin ce cikin tsari. Wannan gaskiya ne, tsari kam akwai shi, ban taɓa ganin soja ta tsara abu haka ba. Amma ba wahala? Layin farko ne kawai suka tafi lafiya. Na bayansu sun ji warin jini. Sai an rufe musu ido da riga, mutum huɗu suna ja. Wanda ya rubuta ba wahala, a tanti yake."

Malama Rutter ta ce kalmar ta hafsan da ya rubuta rahoton ce, kuma laifinta ne da ta ɗauke ta ba tare da ta tambayi wanda ya riƙe ragama ba. Amma ta tsaya a kan sauran. Ta tambaye shi kai tsaye ko ya ga wani ya kai dokinsa bayan tudu ya harbe shi.

Ya ce bai gani ba. Runduna ta fi ƙarfin idon mutum ɗaya, kuma wanda ya yi haka ba zai je ya kai ƙarar kansa wurin hafsa a rubuta ba, saboda haka ba zai rantse ba a taɓa yi ba. Ita ma ta ce abin da ta rubuta ke nan, babban baƙin ba nata ba ne. Mai jarida, da ke zaune a layi na biyu, ya sunkuyar da kai yana gyara alƙalami. Hedley ya ce amma na Kurrabin ya san su ɗaya bayan ɗaya, don duk a rukuninsa suke, kuma kowane doki ta hannunsa ya wuce, ko zuwa wurin Indiyawa ko zuwa bayan sansani.

Nan zauren ya ruɗe. Wani ya ce tsufa ya taɓa shi. Wani ya ce malamar ce ta yi ta zuwa gidansa tana karanta masa, alhali ranar ce rana ta farko da suka yi magana. Des ya ɗaga hannu aka lafa. Fuskarsa ta yi ja har wuya.

"Kawu Hedley, babana fa?"

"Kada ka tambaye ni a nan, Des. Ka zo gida."

"A nan na tambaye ka. A nan ka fara."

Hedley ya dube shi. Ya ga hancin Stumpy, ya ga yadda Stumpy yake tura haɓa gaba in zai yi rigima. Yana iya cewa ya manta, kowa zai karɓa, har a gode masa. Ya gyara riƙon sandarsa.

"Ni na cire wa akawal ɗin takalma. Babanka ne ya riƙe masa kai, yana yi masa magana a kunne. Da masu almakashi suka zo ya ƙi sakin ragamar, ya naushi wani sajan a baki, sai da muka danne shi mu uku, ni na zauna a kan ƙirjinsa. Aka tafi da dokin yana ji. Kwana uku bai ci abinci ba. A jirgin ruwa muna dawowa ya fara ba da labarin tudun yashi, ni ma da farko na ƙyale shi, don na ga shi ne ke sa shi barci. Abin da ya so ya yi ne yake faɗa, Des. Da sun bar shi da ya yi."

Tsohuwar nan ta sake miƙewa ta ce kunya ba ta ishe shi ba, yana tonon asirin mamaci. Wani saurayi ya ce a cire masa lambobin. Beryl, wadda tun fara maganar take kallon cinyarta, ta tashi ta juya ta fuskanci saurayin, ta kira sunan uwarsa, ta ce in ya isa ya zo ya cire, tana tsaye. Bai zo ba.

Hedley ya ɗaga murya iya ƙarfinsa ya ce in suna son mutum-mutumi, su yi na mutum a sunkuye da awartaki, ko na Stumpy an danne shi a ƙasa, shi zai fara ba da gudummawa. Amma wancan na goshi da goshi, kada a sa sunansa a ƙarƙashinsa. Ya faɗa sau biyu don kada a ce ba a ji ba. Ya zauna.

Aka kaɗa ƙuri'a da ɗaga hannu. Mutum-mutumin Des ya ci da rata mai yawa. Wasu ba su ɗaga ba ko ta wane ɓangare, suka fita tun kafin a sha shayi.

Watannin da suka biyo baya ba su yi daɗi ba. A mashaya aka daina cika wa Hedley kofi, shi kuwa ya ce ya fi son haka, yanzu in ya yi magana ana jin haushi, alamar an ji ke nan. Mijin Beryl bai rasa aikinsa ba, amma Des ya daina yi masa magana sai ta bakin akawu. Malama Rutter ta yi ta zuwa barandar Hedley da rakoda ranakun Lahadi, tana tambaya, tana kuma yi masa gardama in ya haɗa shekara da shekara, yana ce mata kafiya gare ta kamar Biddy. Hedimasta ya ƙi sa hannu a mayar da ita wani gari. Wasu iyaye suka cire 'ya'yansu daga ajinta.

Ranar Anzac ta shekara mai zuwa aka yaye wa mutum-mutumin ƙyalle. Hedley ya yi maci a gaba kamar kullum, a cikin buɗaɗɗiyar mota saboda ƙugu. Aikin tagullar ya yi kyau, shi kansa ya yarda, sai dai maƙerin da ya zuba shi ya sa wa dokin takalma huɗu cif. Da ya matsa kusa da allon ya ga sunansa, tsakanin wani Pollard da wani Quill. Sakataren ƙungiya ya ce masa an riga an sassaƙa, kuma tarihi na gari ne, ba na mutum ɗaya ba.

Ranar Litinin da hantsi, lokacin da titi ya fi cika da masu zuwa banki da gidan waya, Beryl ta tsayar da mota a gefen mutum-mutumin. Ta fito da kujerar naɗewa ta kafa a gaban allon, ta taimaki ubanta ya zauna. Ya buɗe jaka ya fito da guduma da ƙarfen sassaƙa da ya aro a wurin surukinsa, ya saita bakin ƙarfen a kan harafin farko, ya buga.

Mutane suka fara taruwa. Ɗan sandan garin ya zo yana sosa ƙeya, ya ce Baba Prowse ya san wannan kayan hukuma ne. Hedley ya ce dutsen nasu ne, sunan nasa ne, yana ɗaukar kayansa ne zai tafi. Ɗan sandan ya ce to sai ya ji daga bakin shugaban ƙungiya, ya aika a kira Des.

Des ya taho daga garejinsa da ƙafa, hannun rigarsa a naɗe. Jama'a suka buɗe masa hanya. Ya tsaya a kan tsohon yana kallon garin dutse yana zuba a kan takalmansa.

"Sunan babana fa?"

"Ba zan taɓa shi ba. Shi labarinsa ne, ya tafi da abinsa. Ni kuwa ina nan."

Ɗan sandan ya tambayi Des ko zai shigar da ƙara. Des ya dubi allon. Can ya ce a bar shi, amma kada ƙarfen ya zame ya taɓa na Pollard, 'yarsa tana da rai. Ya juya ya koma bakin aikinsa.

Dutsen ya fi yadda Hedley ya zata tauri. Ya kankare haruffa uku, hannunsa ya gaji, gudumar tana sauka a gefe. Ya huta, ya sake ɗagawa, ta kuɓuce masa ta faɗi. Wani a cikin taron ya yi dariya. Beryl ta sunkuya ta ɗauke ta, ta cire agogonta ta miƙa wa ɗan sandan ya riƙe mata, ta durƙusa a gaban allon. Hedley ya ce ta kwantar da ƙarfen kaɗan, kada ta buga da kafaɗa, da wuyan hannu ake yi. Ta ce ta ji, don Allah ya yi mata shiru. Ta ci gaba daga inda ya tsaya.